Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnonin Arewa Kan Haƙƙin 'Yan Fansho

Masu girma gwamnoninmu,

Sashe na 210 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda kowannenku ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani ko Baibul ya yi rantsuwar karewa, ya yi magana a kan fanshon ma'aikatan jiha. Ya tanadi cewa a riƙa sake duba kuɗin fansho duk bayan shekara 5, ko kuma a duk lokacin da aka sake duba albashin ma'aikata, duk wanda ya riga zuwa. Ya kuma hana a riƙe wa ma'aikaci haƙƙinsa ko a sauya shi ta yadda zai cutu, sai ta hanyar da doka ta yarda. An ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa naira 30,000 a 2019, aka sake ɗaga shi zuwa naira 70,000 a watan Yulin 2024. Ke nan sau biyu cikin shekara 5 wannan wajibi ya hau kanku. Amma har yau ƙungiyar 'yan fansho tana kokawa cewa a wasu jihohi akwai dattawan da abin da ke shiga asusunsu a wata bai kai naira 5,000 ba. Ranku ya daɗe, kuɗin nan bashi ne a wuyan jiha. Malamin da ya yi shekara 35 yana koyarwa a firamaren ƙauye ya haƙura da ɗan albashinsa ne bisa alƙawarin cewa za a riƙe shi idan ƙarfinsa ya ƙare.

Ku dubi abin da ya sami wannan kuɗi tun daga 29 ga Mayun 2023, ranar da aka cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 34 cikin 100 a alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Ma'aikacin da ke bakin aiki yana da ƙungiyar da za ta rufe ofisoshi har a saurare ta. Ɗan kasuwa yana ƙara farashi, mai Keke Napep yana ƙara kuɗin hawa. Ɗan fansho ba shi da ƙofar da zai rufe, ba shi da hajar da zai tsawwala, shi ya sa ake barin maganarsa sai ƙarshe. Kuma abin da ya fi cin kuɗinsa shi ne abin da ya fi tashi, wato magani, domin yawancinsa daga waje ake shigo da shi, darajar naira kuwa ta faɗi warwas. Ku aika wani ya tsaya a kowane kemis na unguwa da yamma. Zai ga dattijo ya zaro takardar likita da ta sha ninki daga aljihun gaba, ya tambayi kuɗin maganin hawan jini na wata guda, ya yi shiru, sannan ya ce, "Yanka mini na kwana biyar." Hawan jini da ciwon suga ba su san kwana biyar ba. Maganinsu na kullum ne, kuma yankewar da ake yi ce ke kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda, waɗanda jinyarsu ke cinye gida da gona.

Wannan ne ya sa nake ganin gyaran fansho ba zai cika ba sai an haɗa shi da inshorar lafiya. Yadda aka saba, ana cirar kuɗin inshora daga albashin ma'aikaci lokacin da yake da ƙuruciya ba ya yawan zuwa asibiti, ranar da ya ajiye aiki kuma sai katin ya mutu, daidai lokacin da gwiwa da ido da mafitsara suka fara neman likita. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma sa tsofaffi cikin masu raunin da za a tallafa wa. Jihohi irin su Kano da Kaduna suna da hukumomin kiwon lafiya na taimakekeniya da ke aiki. Abin da ya rage shi ne doka ta jiha da za ta ce duk wanda sunansa ya shiga jerin 'yan fansho, katinsa na asibiti yana nan daram, kuma jiha ce za ta biya masa.

Na san amsar farko: babu kuɗi. Sai dai kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai tun bayan cire tallafi, ku da kanku kuna faɗa. Wahalar cire tallafin ta faɗa kan dattijon nan, rarar kuma ta shigo baitulmalinku, don haka adalci ne ya sami rabonsa. Akwai kuma dokokin da majalisun jihohi da dama suka yi na ba tsofaffin gwamnoni da mataimakansu gidaje da motoci da alawus bayan mulkin shekara 4 ko 8. Majalisar Zamfara ta soke irin wannan doka a 2019, kuma jihar ba ta rushe ba. Da wuya a gamsar da mai jiran garatuti shekara da shekaru cewa asusu ya bushe alhali yana ganin wannan.

Amsa ta biyu ita ce 'yan fansho na bogi. Gaskiya ne akwai su, kuma sata ce da ya kamata a hukunta. Amma tsohon masinja ba shi ne ke cusa sunan matacce a takardar biya ba. Mai yin haka yana zaune a ofis. Duk da haka wanda ake azabtarwa shi ne dattijon da za a kira tantancewa a babban birnin jiha, ya ranci kuɗin mota, ya wuni a layi cikin rana rungume da ambulan ɗin takardar kama aiki da ta barin aiki, wani ma a kan keken guragu 'ya'yansa suka turo shi. Da lambar BVN da ta NIN a hannu, babu hujjar wannan. Hukumar fansho ta tarayya, PTAD, ta riga ta fara tabbatar da cewa ɗan fansho yana raye ta wayar hannu. Wanda ke kwance kuwa, jami'i ya je gidansa.

Amsa ta uku ta fi nauyi, kuma ban raina ta ba. Za a ce mafi yawan tsofaffinmu manoma ne da makiyaya da masu sana'ar hannu da ba su taɓa karɓar albashi ba, me ya sa za a fifita ma'aikaci, ga shi kuma al'adarmu ta ɗora riƙon iyaye a kan 'ya'ya? Lallai su ma suna da haƙƙi, kuma asusun kiwon lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, mai samun aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, an yi shi ne don irinsu. Amma bukatar manomi ba ta yafe wa jiha bashin ma'aikacinta. Maganar 'ya'ya kuwa, a gidaje da yawa yau abin ya juya: 'ya'yan sun gama karatu babu aiki, ga jikoki marayu, ɗan abin da tsohon ke karɓa shi ke ɗora tukunya. Idan an riƙe fansho ɗaya, gida guda aka hana abinci.

Jigawa ta yi suna wajen biyan 'yan fansho a kan kari saboda asusun gudummawa da ta daɗe tana kiyayewa, kuma ba ta cikin jihohin da suka fi kuɗi. A zamanku na gaba na Ƙungiyar Gwamnonin Arewa, ku tsayar da mafi ƙarancin fansho da zai riƙa tafiya tare da mafi ƙarancin albashi. Kowace jiha ta wallafa yawan garatutin da ake bin ta da jadawalin biya bisa ranar da mutum ya ajiye aiki, yadda ba sai ya san wani ba kafin a biya shi. Kuɗin da aka cire daga albashi da sunan fansho kuma a zuba shi inda doka ta ce a cikin watan da aka cire shi, a kuma sa inshorar lafiyar 'yan fansho a kasafin kuɗin shekara mai zuwa.