A Daina Rushe Gidajen Kakanni

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in faɗi abin da idona ya gani.

A shekarar 2023 wani Alhaji da nake sarin kaya a wurinsa ya tafi da ni birnin Fas na ƙasar Maroko, ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani wanda ya rasu a can a 1815. Masaukinmu wani tsohon gidan attajiri ne da aka mayar otal, su suna ce masa riyad. Mota ba ta shiga lungun, a amalanke aka tura mana jakunkuna. Daga waje ƙofa ce kawai ba wani ado, amma kana shiga sai ga tsakar gida da bishiyar lemo, ruwa yana ɓuɓɓuga a tsakiya, ƙyamaren duk katako ne mai zane. Ɗaki takwas ne kacal. Da na ji kuɗin kwana ɗaya, wallahi sai da na lissafa shi da buhun masara, barci ya gagare ni.

Abin da Turawa ke biya ke nan, tsufan gidan. Mu kuwa a cikin birnin Kano da zarar maigida ya rasu sai magada su sayar, a rushe soro da dagi da azara, a jera shagunan bulo. Ko ganuwa ba ta tsira ba.

Don Allah masu unguwanni da dagatai ku ja kunnen magada, a riƙa yaɓe kafin damina.

Naku,
Wani manomi ɗan tireda, daga Bichi.