Filin Mata: 'Yata Tana Son Karatun Siyasa



A makon jiya wata uwargida ta aiko mini da takarda, hankalinta a tashe. Ta ce 'yarta ta fari za ta gama sakandare bana, an ce kowa ya faɗi abin da ya ke so ya karanta a jami'a, sai yarinya ta ce ita Kimiyyar Siyasa ta ke so. Uban ya ce ba da yawunsa ba. Kakar yarinyar kuwa ta yi ta salati, ta ce ashe jikarta bin motar 'yan takara za ta yi tana rangaɗa guɗa. Ita uwar ta rasa inda za ta sa kanta. To, tun da na san ba gidanta kaɗai maganar nan ta shafa ba, sai na ga gara in amsa mata a nan kowa ya ji.

Da fari dai, Hajiya, ki kwantar wa kakar nan da hankali. Likitan da ya karanci zazzaɓi ba zazzaɓi ya ke rabawa ba. A ajin nan ba a koya wa kowa yawon neman ƙuri'a, ko rabon atamfa da sabulu. Abin da a ke yi shi ne binciken yadda a ke mulkin jama'a, watau wa ke da iko, ina ya samo shi, ina iyakarsa, kadan ya ƙetare iyaka kuma wa zai tsai da shi.

Karatun shekara 4 ne, ana yinsa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, da ta Bayero a Kano, da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da ta Maiduguri, da sauransu da dama. Kafin a shiga sai yarinya ta ci darussa 5 da kyau a jarrabawar WAEC ko NECO, sa'an nan ta zauna ta JAMB. Turanci tilas ne, galibi kuma ana neman Gwamnati ko Tarihi, da Lissafi. Kowace jami'a da nata sharaɗi, don haka a duba littafin JAMB na shekarar kafin a cika takarda. Ku kuma 'yan makaranta da ke gudun lissafi kuna cewa za ku fake a nan, ina yi muku albishir, yana can yana jiranku. Akwai darasin ƙididdiga da na hanyoyin bincike, a shekarar ƙarshe kuma kowace ɗaliba sai ta fita ta yi tambayoyi, ta tara adadi, ta rubuta kundi da kanta.

A cikin shekarun nan za a bi da ita tsarin mulkin ƙasarmu tun daga na Gwamna Clifford na 1922, da na Richards na 1946, da na Macpherson na 1951, har zuwa na 1999 da mu ke kansa. Za a nuna mata bambancin tsarin Ingila, inda Firayim Minista ke fitowa daga cikin majalisa, da na Amurka, inda Shugaban Ƙasa ke zaune dabam da majalisa. Mu duka biyun mun ɗanɗana: na farkon daga 1960 zuwa 1966, na biyun daga 1979. Za ta karanta hulɗar ƙasa da ƙasa, da yadda a ke tafiyar da aikin gwamnati, da yadda a ke tsara kasafin kuɗi.

Yanzu ga maganar da na ke so ki kai wa maigida, amma ki bari sai ya ci tuwo ya sha ruwa. Watakila shi a ganinsa wannan ilmi baƙo ne, Turawa suka zo da shi. Gaskiya ne za a karanta mutanen Girka na dā, irin su Aristotle, da Bafaranshen nan Montesquieu, wanda a 1748 ya yi bayanin amfanin raba iko gida uku, masu yin doka dabam, masu zartaswa dabam, alƙalai dabam. Amma fa tun kafin Bature ya taka ƙasar nan malamanmu suna rubutu a kan sha'anin mulki. Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano, don mutanen garin sun roƙe shi ya bayyana musu yadda a ke hukunci da mulki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma yana da Usulus Siyasa. A jami'o'inmu na Arewa ɗalibi ya kan haɗu da waɗannan bayin Allah a darasin tunanin siyasa. Kalmar siyasa ma kanta daga Larabci muka aro ta, asalinta kuwa iya tafiyar da al'amari da kula da abin da aka ba ka kiwo. Mu ne muka ɓata mata suna.

In ya ce to, amma ina ruwan mace, sai ki tuna masa da abin da ya faru a zamanin iyayenmu. A zaɓen 1959, wanda ya kai mu ga mulkin kai, matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa kuwa ko ɗaya ba a bari ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, 'yar jam'iyyar NEPU, ta sha ɗauri da duka a kan wannan magana da irinta, ita da ba ta yi zurfi a boko ba. Sai a 1976 aka ba matan Arewa ƙuri'a, a zaɓen ƙananan hukumomi, suka kuma yi babban zaɓe a 1979. Yau kowace ranar zaɓe ku dubi layinmu, tun da sassafe, da goyo da lulluɓi, rana tana dukanmu. Amma a zaɓen 2023, cikin kujeru 109 na Majalisar Dattawa, mata 3 kaɗai aka ce sun ci, ta huɗu sai daga baya kotu ta ba ta. A watan Maris na 2022 kuma Majalisar Tarayya ta ƙi amincewa da ƙudurin ware wa mata kujeru. Ni ban ce kowace mace ta fito takara ba, ni kaina ko an ba ni kyauta ba na so. Abin da ke damuna shi ne a tsara doka a kan asibitin haihuwa da makarantar 'ya'yanmu, a rasa mace a ɗakin da ta iya karanta takardar ta ce ga inda aka yi kuskure.

Sai dai ba zan ɓoye miki ɗaci ba, gama ba na so gobe ki ce na yaudare ki. Wannan karatu ba kamar na ungozoma ko na haɗa magunguna ba ne, da takardar shaida ke nuna wa mutum ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Masu gama shi kowace shekara suna da yawa, guraben aiki kuwa kaɗan. Bayan shekara guda ta bautar ƙasa, wasu su kan shiga aikin gwamnati, wasu koyarwa, wasu aikin jarida da rediyo, wasu hukumar zaɓe ko ƙungiyoyin agaji, wasu kuma su zauna gida shekara da shekaru suna jira. Akwai waɗanda ya kai nesa. Farfesa Attahiru Jega malamin wannan fanni ne a Jami'ar Bayero, shi ya shugabanci hukumar zaɓe ta ƙasa daga 2010 zuwa 2015. Farfesa Joy Ogwu, mace ce 'yar'uwarmu, ta riƙe Ministar Harkokin Waje a 2006, daga baya ta wakilci Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, har ta shugabanci zaman Kwamitin Sulhu. Amma waɗannan ba a digiri na fari suka tsaya ba, sun ƙara karatu mai tsawo. Saboda haka kadan gidanku yana jiran albashin yarinyar nan da gaggawa don ɗawainiyar ƙannenta, lalle a yi wannan lissafi tun yanzu, da ita a zaune. In ta shiga kuma, ta haɗa da wani abin hannu, ko kwamfuta, ko Faransanci, ko Larabci, ta kuma gyara alƙalaminta ƙwarai, don rubutu shi ne jarin mai wannan karatu.

Ke kuma ɗiyata, na san uwarki za ta miƙa miki jaridar nan. Ina so ki tambayi kanki tsakani da Allah, karatun ki ke so, ko kuwa kin ji ƙawaye sun ce ya fi sauƙin samun gurbi? Ga gwaji mai sauƙi. Ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar nan. Ki nemo sunan kansilan mazaɓarku da na shugaban ƙaramar hukumarku. Sa'an nan ki roƙi malaminku na Gwamnati ya ara miki tsarin mulkin 1999, ki buɗe Jadawali na Huɗu can wajen ƙarshe, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma. Za ki ga kasuwa a ciki, da tashar mota, da kwashe shara, da rajistar haihuwa da aure. Ki karanta, ki fita ƙofar gida ki dubi kwatar unguwarku. In kin ji barci ya kama ki tun a layi na uku, to, ki sake shawara tun ba a biya kuɗin JAMB ba. In kuwa kin ji tambayoyi sun cika miki kai har kin ƙosa gari ya waye, sai ki rubuta su a takarda da hannunki, ki durƙusa ki miƙa wa Baba, ki ce ya taimake ki da amsa.

Hajiya, ina jiran takardarki in ji yadda kuka ƙare da maigida. A gaishe mini da kaka.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.