Dawowar Daft Punk: da tsohuwar zuma ake magani

Ranar 19 ga watan Afrilu na shekarar 2013, wasu makaɗa biyu ƴan ƙasar Faransa, Thomas Bangalter da Guy-Manuel de Homem-Christo, waɗanda duniya ta sani da sunan Daft Punk, suka fito da waƙar Get Lucky bayan sun shafe shekara 8 ba su fitar da sabon faifai na ƙashin kansu ba. Wani zai ce mu da muke fama da duwan da canjin sefa da naira, ina ruwanmu da kiɗan Turawa? To, da ruwanmu, domin labarin nasu labari ne na mai rumfa da ya rufe ya yi doguwar tafiya, ya dawo ya tarar kowa na sayar da irin kayansa.

Waɗannan mutane sun kafa ƙungiyarsu a birnin Faris a 1993. Sana'arsu kiɗan rawa ne na na'ura, wato wanda ake haɗawa da inji da kwamfuta ba tare da makaɗi ya taɓa ganga ba. Faifansu na farko ya fito a 1997, na biyu a 2001, kuma sun yi suna da rufe fuska da kwalkwali irin na mutum-mutumi. A 2005 suka fitar da na uku, wanda suka haɗa cikin mako shida kacal, bai kuwa samu karɓuwa kamar na baya ba. Daga nan, ban da zagayen wasa na 2006 zuwa 2007 da kiɗan wani fim a 2010, sai aka ji su shiru.

A cikin wannan shirun ne kiɗan na'ura ya cika Amurka da Turai, har ta kai duk yaron da ya mallaki kwamfuta yana iya haɗa nasa a ɗakin kwanansa. Mun san irin wannan a kasuwanninmu: mutum guda ya kawo wani samfurin atamfa ko takalmi ya ci riba, kafin wata uku layin gaba ɗaya ya cika da jabunsa, farashi ya faɗi warwas.

Hanya mafi sauƙi gare su ita ce su dawo su shiga sahun masu kwaikwayonsu, su sayar da tsohon suna. Sai suka ƙi. Suka nemo Nile Rodgers, gwanin jita wanda ya yi tashe tun shekarun 1970 da ƙungiyar Chic, suka ɗauko mawaƙi Pharrell Williams, suka sa makaɗa na gaske suka buga ganga da hannu a ɗakin ɗaukar sauti. Wato a daidai lokacin da kowa ya koma ga inji, su da suka yi suna da inji suka koma ga aikin hannu. Tallarsu ma ba su yi gaggawa ba, ɗan guntun kiɗan na daƙiƙa 15 suka riƙa sakawa a talabijin har jama'a suka ƙosa su ji sauran.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Waƙar ta hau matsayi na ɗaya a Faransa da Ingila, ta kai na biyu a Amurka, kuma a watan Janairun 2014 suka kwashe lambobin yabo na Grammy guda 5, har da na gwarzon faifan shekara.

Ra'ayinmu a nan shi ne, suna yana sa mai saye ya leƙo rumfa, amma kaya ne ke sa ya zauna a kan benci. Da yawa daga cikinmu sun ɗanɗana hutun dole. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, sai a Disamban 2020 aka buɗe Illela da Maigatari. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. Wanda ya dawo Birnin Ƙonni ko Ɗan Isa bayan wannan, ya tarar wasu abokan cinikinsa sun samu wata hanya, wasu sun saba da wani dillali. Wanda ya tsaya yana cewa ai an san ni, shi ne ya fi daɗewa yana korar ƙuda. Haka ya faru da masu sayar da kaset lokacin da faifan CD ya zo, haka kuma da masu CD lokacin da waƙa ta koma cikin waya. Idan kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

Mun san za a ce waɗancan masu jari ne, suna iya zama shekara da shekaru ba su sayar da komai ba, alhali ɗan tireda in bai fita yau ba tukunya ba ta hau wuta ba. Wannan gaskiya ne, ba ma musu. Amma zaga kasuwa kwana biyu kafin a saro kaya, a ga abin da ya yi yawa da abin da ya ɓace, ba ya cin ko dala. Neman tsohon gwani, tela ne ko maƙeri ko dattijon da ya san hanya, shi ma girmamawa yake buƙata fiye da kuɗi. Kuma wanda ya dawo da kaya mai aminci kaɗan ya fi wanda ya cika rumfa da abin da maƙwabtansa goma ke rangwame a kansa.

A watan Fabrairun 2021 Daft Punk suka sanar da rabuwarsu bayan shekara 28, suka rufe rumfa da mutuncinsu, ba su jira kasuwa ta kore su ba. Muna kira ga ƴan'uwa da ke shirin sake buɗewa, da shugabannin kasuwa da ke ba su shawara, su duba abin da za su shimfiɗa kafin su duba allon sunansu. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kuma kiyashe mu da asara.