Ƙafa Ce Ke Taka Ƙasan Ɗaki, Ba Idon Baƙo Ba



Duk wanda Allah Ya hore wa gina gida a yau, da an zo maganar ƙasan ɗaki amsarmu ɗaya ce: tayil. Mukan zaɓi mai sheƙi, wanda baƙo zai shigo ya ce ma sha Allah. Amma su wa za su riƙa taka shi kullum? Tsohuwar da ta fito daga alwalar asuba da jiƙaƙƙiyar ƙafa ce, da yaron da ke koyon tafiya. Da yawanmu mun san gidan da santsin tayil ya kayar da dattijo, aka kwashe watanni ana jinyar ƙugu. In hunturu ya kama kuwa, sai ka rantse ƙanƙara ka taka.

Shi ya sa muke so mu yi magana a kan wani abin shimfiɗa da bai yaɗu a wajenmu ba, wato kok. Ba lemon kwalba muke nufi ba. Ɓawon wata bishiya ce, shi ake yin toshiyar kwalba da shi, da kan ƙwallon wasan badminton. Bishiyar tana fitowa a Fotugal, Sifaniya, Maroko, Aljeriya da Tunisiya, kuma kusan rabin kok ɗin duniya daga Fotugal yake fitowa. Ba a sare ta. Sai ta kai kimanin shekara 25 ake fara ɓare ɓawon, daga nan kuma duk bayan shekara 9, tana iya rayuwa har shekara 200. Guntattakin da suka rage bayan an yanki toshiyar kwalba su ake niƙawa, a matse, su zama falle-fallen da ake shimfiɗawa a ɗaki.

Amfaninsa yana cikin halittarsa. Ɓawon cike yake da ƙananan ramuka masu riƙe iska, kimanin miliyan 40 a ɗan gutsuren da bai wuce santimita ɗaya ta kowane ɓangare ba. Su ne ramukan da masanin Ingila Robert Hooke ya gani da madubin ƙara girma, ya bayyana a littafinsa na 1665. Iskar nan ce ke hana sanyin siminti ratsowa zuwa tafin ƙafa. Ita ce ke sa shi ɗan lotsawa in an taka, ya komo daidai, don haka mai tsayuwa a kicin ba ta saurin jin gajiya a gwiwa, wanda ya faɗi kuma bai bugu kamar a kan tayil ba. Yana kuma shanye ƙara, abin da masu zama a ƙasan bene za su gode wa.

Za a ce mana kayan waje ne, ga tsadar canji. Gaskiya ne. Yana da wasu raunin ma: ruwa in ya kwanta a kansa yakan shiga ta mahaɗa ya kumbura shi, rana tana koɗar da launinsa, ƙafar kujera mai tsini tana huda shi, yashin takalmi yana kankare shi, kuma lokaci zuwa lokaci sai an sake shafa masa man kariya. Don haka ba ma cewa a kai shi banɗaki ko tsakar gida. Muna cewa mai hali ya fara da ɗaki ɗaya: na Hajiya, ko na yara. Wanda ya iya sayen tayil ɗin ƙasar waje don falon baƙi bai kamata ya ce ɗakin mahaifiyarsa ne ya yi tsada ba.

Wanda bai da halin ma darasin bai wuce shi ba. Kakanninmu mata da suke taruwa su yi daɓe da madaɓi, su zuba makuba, sun san ƙasan ɗaki na mazauna ɗakin ne. A nemi tayil mai kaushi maimakon mai sheƙi, a shimfiɗa tabarma ko darduma mai kama ƙasa tsakanin gado da ƙofar banɗaki. Gyara tun ran gini ya fi sauƙi a kan zaman jinya.

Kafin mu je kasuwar kayan gini, mu fara duba ƙafafun da ke gidan. Masu sana'ar gini da ke cikinmu, muna jiran ƙarin haske daga gare ku. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya sa mu gama da su lafiya.