Ranar Da Na Ƙi Ɗaukar Jarkar Ruwa

Wannan makon labarin wata wauta tawa zan ba ku, domin gara ku ji ta a bakina da ku maimaita ta da kanku.

A hutun watan Disamba na je Agadas, a Jamhuriyar Nijar, wurin kawuna. Idan kun taɓa ganin hoton wata doguwar hasumiyar laka mai itatuwa a jiki, to ta babban masallacin garin ce, tsayinta mita 27. Amma abin da na fi ɗokin gani shi ne Tafadek, wata maɓuɓɓugar ruwan zafi da ke arewa da garin, cikin duwatsun Azbin. Mutane kan je can da ciwon gaɓɓai ko na fata suna neman sauƙi. Na dami Kawu da magiya har ya yarda.

Muka fita bayan sallar Asuba, mu huɗu: Kawu, da ɗansa mai shekara 15, da ni, da wani dattijo Ba'abzine abokin Kawu wanda ya san hanya. Da hantsi mota ta kafe a cikin yashin wani busasshen rafi, irin wanda mutanen can ke kira kori. Kawu ya ce zai tsaya ya lallaɓa ta, mu ƙarasa da ƙafa, zai same mu. Dattijon ya ce tafiyar ba za ta wuce awa biyu ba, sannan ya nuna mini jarka.

"Yaro, ɗauki wannan."

Na yi dariya na ce, "Baba, ai wurin ruwa za mu. Ga shi kuma sanyi ake yi."

Bai ja da ni ba. Ya rataya salkarsa a kafaɗa ya wuce gaba. Ni da ƙanena muka riƙe gora ɗaya tal ta lita ɗaya da rabi.

Abin da ban lura da shi ba shi ne, iskar hamada a lokacin hunturu busasshiya ce ƙwarai. Gumi yana fita, amma kafin ka gan shi ya bushe, sai ka ɗauka ba ka rasa komai ba. Alhali mai tafiya a rana yana iya zubar da kusan lita guda ta gumi cikin awa ɗaya. Ga hawa da gangara a kan duwatsu, ga yashi mai riƙe ƙafa. Kafin mu ci rabin hanya gorarmu ta ƙare. Kunya ta hana ni roƙon Baba, shi ma ƙanena da ya ga na yi shiru sai ya yi shiru.

Da muka isa na sa hannu a ruwan, na janye da sauri. Waɗanda suka taɓa zuwa Wikki a Yankari, Jihar Bauchi, sun san ruwan can ɗumi ne mai daɗi, maki 31 a ma'aunin Salshiyas, dare da rana. Na Tafadek ya fi shi zafi sosai.

Masu karatun Jogirafi, ga dalilin zafin. Ruwan sama yana nitsewa ta tsagogin dutse zuwa can ƙasa. Cikin ƙasa kuwa zafi ƙaruwa yake yi, kimanin maki 25 zuwa 30 a duk kilomita guda da aka nitsa. Idan ruwan ya ɗau zafi ya sami wata tsagar da zai biyo da sauri, sai ya fito bai huce ba, ɗauke da sinadaran da ya narkar daga duwatsu. Babu wanda ya hura wuta a ƙasa, kuma ba aikin aljanu ba ne.

Muka shiga wanka. Baba ya ce kada mu daɗe. Ni na fito da wuri, ƙanena kuwa daɗi ya ɗebe shi. Da ya miƙe zai fita, sai na ga ya yi tangaɗi, idanunsa suka juya, ya sulale. Allah Ya sa ina kusa na tare shi kafin kansa ya bugi dutse.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba. Babu asibiti kusa, wayata ba ta da sabis, kuma ni na ja shi wannan tafiya. Abin da zan faɗa wa Kawu kawai nake tunani.

Baba bai ruɗe ba. Ya kwantar da shi a inuwa, ya ɗaga ƙafafunsa a kan jaka, ya jiƙa gefen rawaninsa yana shafa masa a wuya da fuska. Da ya farfaɗo har ya iya zama, sai ya zuba ruwan salka a kofi, ya sa sukarin shayinsa da ɗan gishiri, yana ba shi kaɗan-kaɗan. Bayan kamar rabin awa yaro ya fara magana, har da tambayar ko akwai biskit.

Daga baya na gane abin da ya faru. Jikinsa ya riga ya yi ƙarancin ruwa tun a hanya. Ruwan zafi kuma yana buɗe jijiyoyin jini na fata, jini ya taru a can, ga ƙarin gumi. Da ya miƙe farat ɗaya, jinin da ke kaiwa ƙwaƙwalwa ya ragu, sai suma.

Ba sai kun je hamada wannan zai amfane ku ba. Ko yawon buɗe ido makaranta ta shirya, ko wasan guje-guje, ku riƙe waɗannan:

Ku ɗauki ruwan zuwa da na dawowa, ku riƙa sha kafin ƙishirwa ta matsa. Ruwan maɓuɓɓuga bai zama na sha ba don kawai ya yi garau.

Ciwon kai, jiri da fitsari mai duhu alamu ne. Wanda ya ji su ya faɗa, ba abin kunya ba ne.

Haɗin gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada a ɗura wa wanda bai farfaɗo ba.

A ruwan zafi kada a daɗe, kada a shiga ba kowa kusa, kuma a tashi a hankali.

Kada a shiga jeji ba tare da wanda ya san hanya ba, kuma a gida a san inda kuka nufa.

Da la'asar Kawu ya iso da mota. Ni da kaina na ba shi labarin, har da maganar jarka. Bai yi faɗa ba, ya dube ni kawai ya ce, "Kai da ke jami'a?" Wannan ta fi mini bulala zafi.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.