Wasan Haɗa Hoto Da Darasin Da Ke Cikinsa Ga Matashi Mai Neman Ilimi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Akwai wani wasa da Turawa ke kira jigso, wanda a Hausance za a iya ce masa wasan haɗa hoto. Hoto ne ake liƙawa a jikin katako ko kwali, sannan a yanyanka shi gutsi-gutsi, wani ɗari biyar, wani dubu, a cakuɗa a zuba cikin akwati. Aikin mai wasan shi ne ya mai da kowane gutsure mazauninsa har hoton ya dawo yadda yake. Ɗan uwa mai karatu zai iya cewa ina ruwan matashi mai abin yi da wasan yara? To, a yi haƙuri a ji asalinsa tukuna.

Wasan nan dai a fagen karatu aka haife shi. A wajajen shekarar 1766 wani mai sana'ar zana taswira a birnin Landan, John Spilsbury, ya liƙa taswirar nahiyar Turai a kan siririn katako, ya bi iyakokin ƙasashe ya yanka, domin yara su koyi inda kowace ƙasa take ta hanyar mai da ita gurbinta. Hatta 'ya'yan Sarkin Ingila George na Uku da irin wannan taswira aka koyar da su. Sai daga baya wasan ya shiga hannun manya. A farkon shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, miliyoyin mutane suka rasa aikin yi, wasan ya yi kasuwa har ta kai ana ba da hayarsa a shaguna da ɗakunan karatu, saboda yana da arha kuma yana ɗauke wa mutum zullumi. A 2019 kuma aka fara gasarsa ta duniya a birnin Baladolid na ƙasar Sifen.

Dangane da amfaninsa ga ƙwaƙwalwa, wajibi ne a faɗi gaskiya iyakarta. Wani bincike na Jami'ar Cikago da aka buga a 2012 ya gano cewa yaran da suka yi irin wannan wasa tsakanin shekara biyu zuwa huɗu sun fi takwarorinsu iya juya siffofi a zuci. Wani kuma na Jami'ar Ulm ta Jamus a 2018, a kan mutane 100 masu shekara 50 zuwa sama, ya nuna cewa wasan yana sa ido da tunawa da lissafin siffa su yi aiki tare, kuma waɗanda suka daɗe suna yinsa a rayuwarsu sun fi ƙarfi a wannan ɓangare. Amma waɗanda aka sa su yi na kwana 30 kacal ba su nuna wani fifiko a zo a gani ba. Ke nan ba laya ba ce da za a rataya a wayi gari da kaifin basira. Ribar tana wajen wanda ya dawwama, kuma wannan kansa darasi ne.

Babbar musibar da ke addabar matasa a yau ita ce tara gutsattsari ba tare da hoto ba. Yaro zai kwana yana latsa waya, ya ji minti ɗaya na wannan malami, rabin minti na wancan mai sharhi, layi biyu daga littafin da bai taɓa gani da idonsa ba, gari na wayewa ya zauna a majalisa yana yanke hukunci a kan mas'alar da ta sa manyan masana furfura. Abin da ke hannunsa ba lalle ƙarya ba ne. Gutsure ne na gaske, illa iyaka bai san ko na sama ne ko na ƙasa ba, bai kuma san sauran ɗari tara da casa'in da tara da ke kewaye da shi ba. Gaskiyar Hausawa da suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Duk wanda ya iya wannan wasa ya san ba a farawa daga tsakiya. Da farko ana birkice gutsattsarin duka su kalli sama, a tsamo kusurwa huɗu, a jera masu miƙaƙƙen gefe har a sami katanga, sannan a ware sauran launi-launi. Haka magabata suka tsara karatun zaure a ƙasar Hausa: ɗalibi ya fara da Ahalari, ya wuce Ishmawi da Iziyya, ya kai Risala, kafin a yi maganar Muhtasar. Haka abin yake a garejin kanikanci, inda yaro zai daɗe yana miƙa sifana da wanke kayan inji kafin a bar shi ya kwance giya. Wanda ya raina wannan jeri ya faɗa tsakiya, to zai ƙare da tsibi-tsibin sani marasa mahaɗi.

Darasi na biyu ya fi ɗaci. Wani lokaci gutsure zai yi kamar ya dace, launi ɗaya, girma ɗaya, amma ya ƙi zama. Mai gaggawa sai ya danna shi da ƙarfin babban yatsa. A nan take zai ji ya ci gaba, alhali ɓarna biyu ya yi: ya toshe gurbin wani, ya kuma bar wani gurbin da ba zai taɓa cika ba. Wannan shi ne misalin wanda ya riga ya ƙudurta ra'ayi, sannan ya shiga lanƙwasa hujja don ta bi son zuciyarsa. Mai gaskiya da kansa yakan ajiye gutsuren a gefe, ya ce bai san mazauninsa ba tukuna. Faɗin haka ba kasawa ba ne, kuma da yawa rigingimun da ke raba 'yan uwa da an tsira daga gare su in da ana iya furta shi.

Kada kuma a ɗauka haɗa gutsattsari ya tsaya ga nishaɗi. A ƙarshen 1989, da gwamnatin Jamus ta Gabas ta kama hanyar rushewa, jami'an hukumarta ta leƙen asiri, Stasi, suka shiga lalata takardun da suka tara a kan jama'a. Da injinan yanka takarda suka gaza, sai suka koma yagawa da hannu, suka bar buhu kimanin 16,000 cike da yagaggun takardu. Daga 1995 wasu ma'aikata suka zauna suna haɗa su ɗaya bayan ɗaya, shekara da shekaru, har suka dawo da shafi fiye da miliyan ɗaya da rabi daga buhu kusan 500. Da wannan haƙuri ne aka tono sunayen wasu 'yan rahoto da abin da aka ƙulla wa bayin Allah a ɓoye. Azzalumi ya dogara ne da cewa ba wanda zai jure zaman, sai aka sami masu jurewa.

Sai dai akwai inda misalin ya tsaya. Mai wasa yana da cikakken hoto a bayan akwati, kuma duk gutsattsarin suna gabansa. Ɗalibi ba shi da ko ɗaya. Hoton yana wajen malamin da ya riga shi bin hanyar, wasu gutsattsarin kuma suna hannun abokan karatunsa. Shi ya sa wanda ya ce waya ta ishe shi malami, ko ya ƙi zama muraja'a da 'yan uwansa don girman kai, ya zama kamar wanda aka ba buhun gutsattsari aka jefar da akwatin.

Gwadawa ba ta buƙatar kuɗi. Tsohuwar kalanda ko taswirar Nijeriya da jihohinta 36, kwalin da aka yar, gam da almakashi sun wadatar. Matashi ya yanka, ya tara ƙannensa bayan sallar isha'i, a kife waya na awa guda. Yaran za su san inda Yobe take da inda Ebonyi take, shi kuma zai gane iyakar haƙurinsa, wanda shi ne jarin da zai shiga da shi gaban littafi gobe. Wanda bai iya zama da gutsure ɗari ba, da wuya ya iya zama da babi guda har ya fahimce shi.

Allah Ya ba matasa ilimi mai amfani, da haƙurin nemansa bisa tsari, Ya tsare su daga yin magana a kan abin da ba su sani ba. Amin.