Ƙaguwa da Jatan Lande a Bakin Tekun Elmina

Daga cikin ɗabi'un da na daɗe ina lura da su a wurin mutanenmu, musamman waɗanda suka tashi nesa da teku, harshensu ya saba da tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa, akwai gaggawar ɗora hukuncin haramci a kan duk abin da ido bai saba gani a akushi ba, alhali kuwa abin da ke cikin zuciya ƙyama ce kurum.

Ran Asabar da ta gabata muka tashi daga Takoradi bayan sallar Asuba zuwa Elmina, garin masuntan Fante, inda ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482 take tsaye har yau, kwale-kwale kuma sun cika bakin tafkin Benya. Da azahar ta yi, wata mai abinci ta ajiye mana dokunu da barkono, da ƙaguwa, da jatan lande, da soyayyen naman wata halitta mai hannuwa takwas, sai wani dattijo daga cikinmu, mutum mai tsentseni wanda nake girmamawa ƙwarai, ya janye hannunsa ya ce, "Malam, wannan ai ba abincin Musulmi ba ne." Ni kam na yi bisimilla na ci, na tarar naman ƙaguwa fari ne mai laushi, da ɗan zaƙi a ƙarshensa, shi kuwa mai hannuwan yana neman haƙori da haƙuri.

Maganar dattijon ce ta tsaya mini a rai, domin mazhabar Imamu Malik, wadda a kanta muka yi karatu tun daga Ahalari har Muhtasar, ta fi kusan kowace mazhaba yalwa a wannan babi: dabbar ruwa halal ce ko da an tsince ta a mace, hujja kuwa tana cikin aya ta 96 ta Suratul Ma'ida, da labarin rundunar Abu Ubaida da ta rayu kwanaki a kan naman wata ƙatuwar dabba da teku ya jefo. Hanafawa ne suka taƙaita halacci ga kifi, kuma ijtihadinsu abin girmamawa ne. Ƙyama kuwa ba laifi ba ce, gama Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi cin damo saboda ba a san shi a ƙasar mutanensa ba, amma Halidu ɗan Walidu ya ci a gabansa bai hana shi ba.

Wanda jikinsa ke yin borin jini idan ya ci jatan lande, wajibi ne ya kiyaye, haka ma duk abin da ya kwana ya canza wari. Sauran jama'a kuwa, in Allah ya kai ku bakin teku, wanda ransa ya karɓa ya ci, wanda ransa ya ƙi ya ce "ban saba ba", ya bar kalmar haram ga inda shari'a ta ajiye ta.